Man giyar injin jirgina ya koma kamar shayi da madara: ta ina ruwa ke shiga?

Wani ɗan'uwa mai jirgin dako a Bulangwa, wanda ke ɗaukar banda da fasinja daga bakin kogin Shari zuwa cikin tafkin Chadi, ya aiko mini da tambaya. Injinsa Yamaha ne mai doki 40. Ya ce da ya kwance notin ƙasa na ramin tsiyaye mai zai canja man giya, sai man ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. Ya zuba sabo, bayan mako guda ya sake dubawa, ya tarar ya fara yin fari. Ban da wannan, in an jingine injin da dare akwai wani baƙin mai da ke ɗiga ta tsakiyar farfela. Wani makaniki ya ce masa ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa mai ɗauke da giya da farfela, ta mutu, sai dai ya nemi wata. Wani kuma ya ce ba komai, kowane injin ruwa haka yake. Yana so ya san maganar wa zai kama.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Kada ka kama maganar ko ɗaya tukuna. Wanda ya ce ba komai zai sa ka yi asarar giya, wanda ya ce ka sayi wata ƙafar zai sa ka yi asarar kuɗi, kuma daga yadda ka ba da labari babu wanda ya gwada ƙafar a cikinsu. Kallon mai kawai suka yi. Launin mai yana gaya maka ruwa ya shiga, amma ba ya gaya maka ƙofar da ya bi. Na daɗe ina wannan aiki a nan Kusiri, kafin nan na yi shekaru a bakin madatsar ruwa ta Lagdo, kuma ƙafafun da aka kawo mini da sunan sun mutu, da yawansu abin da ya kai su ga haka bai fi girman kwabo ba.

Bari in fara cire maka damuwa ɗaya. Baƙin man da ke ɗiga ta tsakiyar farfela, mai yiwuwa ba man giya ba ne. Injinka irin wanda ake haɗa wa fetur da mai ne, kuma hayaƙinsa ta cikin ƙafa yake sauka ya fita ta tsakiyar farfela. Man da bai ƙone ba yana haɗuwa da kunkunniya ya liƙe a hanyar hayaƙin, in inji ya huce ya riƙa tsiyayowa. Ma'aunin da aka saba ba irin injinka shi ne lita 1 ta mai a lita 50 ta fetur, amma mutanenmu suna ƙara hannu don tausayin inji, ga kuma barin shi yana ta aiki a hankali a bakin gaɓa ana lodi. Duk wannan yana ƙara ɗigon. Ka lakata da yatsa ka sansana. Na hayaƙi baƙi ƙirin ne, yana warin fetur da ƙauri. Man giya kuwa yana da wani wari mai nauyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. In warin fetur ka ji, share wurin ka bar wannan maganar.

Farin man kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Ka san ƙafar inji ɗan ƙaramin ɗaki ne na alminiyam da ke wuni a nutse. Doguwar sanda tana saukowa daga kan inji, ta ratsa famfon ruwa, ta ƙare da ƙaramar giya. Wannan ita ke juya giyar gaba da giyar baya, su kuma su juya gajeriyar sandar da farfela ke kanta. In ka buɗe wa injinka wuta, doguwar sandar tana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya, farfela kuma kusan rabin haka. Ƙarfin doki 40 gaba ɗaya ta kan haƙoran da ba su fi faɗin ɗan yatsa ba yake wucewa. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin shi ne man nan, wanda a injinka bai kai rabin lita ba, a mai doki 15 kuwa kwata ne na lita. In ruwa ya gauraya da shi sai ya rasa danƙonsa, haƙora su fara cin juna. Mafi muni ma sai an ajiye inji. Ruwan yana kwantawa a kan boris ya yi tsatsa, ranar da aka tayar sai tsatsar ta zama yashi a ciki. A Lagdo, bayan watannin damina da ake hana kamun kifi don ya hayayyafa, satin farko na komawa ruwa shi ne lokacin da muke cika da ƙafafu masu kuka, kuma kusan duk injinan da aka jingine da farin mai a ciki ne.

To, kafin mu nemi ƙofa, mu tabbatar ruwa ne, mu kuma san yawansa.

Ka tsayar da injin a miƙe, ƙafa ƙasa, ya kwana haka. Da safe ka sa kwano mai tsabta, ka sassauta notin ƙasa kaɗan ba tare da ka taɓa na sama ba. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka wanda bai gauraya ba shi zai fara fitowa. In ka ga garai-garan ruwa yana ɗiga kafin mai, hudar babba ce, kada injin ya sake shiga ruwa sai an gyara. In man ne ya fito kai tsaye, sai ka kwance na ƙasan duka, ka buɗe na sama don iska ta shiga, ka bar shi ya tsiyaye sarai. Ka auna abin da ya fito. Mutane ba sa yin wannan, alhali yana da labari. In ya gaza abin da ka zuba, mai yana fita. In ya ɗara, ruwa ne ya cika gibin har ya yi ƙari.

Akwai farin da ba na ruwa ba. In an tsiyaye mai jim kaɗan bayan an dawo daga tafiya, giya ta kaɗa shi da iska, zai fito da ƙananan kumfa ya yi haske kamar ruwa ya taɓa shi. Ka zuba a gorar roba mai haske ka ajiye a inuwa. Na iska zai washe cikin 'yan awoyi ya koma launinsa. Na ruwa zai tsaya a yadda yake, ko kuma bayan kwana ɗaya ko biyu ka ga ruwan ya kwanta a gindin gora. Sai dai man da aka yi musamman don injin ruwa yana riƙe ruwa a jikinsa, ba ya saurin sakin sa, don haka rashin rabuwa ba shaida ba ce. Abin da na fi yarda da shi tsohon cokali ne. Ka ɗiga man kaɗan a ciki, ka ɗora a kan garwashi nesa da fetur. Mai zalla zai tsinke ya yi hayaƙi shiru. Wanda ke da ruwa zai riƙa tartsatsi yana tas-tas kamar an jefa ɗanyen kifi a kasko. Ka kawar da fuskarka.

Ka kuma dubi bakin notin ƙasa. A yawancin injina akwai maganaɗisu a jikinsa. In ka ga laushin baƙin gari kamar kwalli, wanda in ka murza a yatsa ba ka jin komai, wannan cin yau da kullum ne. In kuwa ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi mai walƙiya, ko man ya yi toka-toka yana ƙyalli a rana, to haƙori ko boris ya fara tafiya. A nan ne kawai maganar buɗe ƙafa gaba ɗaya take tasowa, kuma ko a nan ɗin sau da yawa gyara ake yi, ba sayen wata ba.

Game da farin da ka gani bayan mako guda: zai iya zama ragowar na farko. Gurɓataccen mai yana da kauri, yana maƙalewa a boris da lungunan ɗakin, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata launin sabo. In ba ka wanke ba kafin ka zuba, ba za mu iya cewa sabon ruwa ne ba. Wankin da nake yi shi ne in cika da man giya mai araha, a tayar da inji a ruwa ya yi aiki minti goma, a tsiyaye da zafinsa, sannan a zuba na kirki. Fetur kada ya shiga wurin. Wasu suna wankewa da gas, ni ba na so, don duk abin da ya rage a ciki zai tsinka sabon man.

Yanzu ƙofofin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan wuraren tsagewarsa ƙidayayyu ne. Ni kullum daga mai araha nake farawa.

Mai arahar ita ce washar da ke ƙarƙashin notin nan biyu. 'Yar ƙaramar washa ce da aka yi ta don ta matse sau ɗaya ta toshe. In an kwance an sake ɗaurawa da ita, ta riga ta mutu, ko da ido bai ga komai ba. Ka tambayi kanka: da ka canja mai, ka sa sabuwa? Na san amsar mafi yawan mutane. Wasu suna naɗa zare, wasu su yanko fata ko robar silifa. Akwai kuma wanda ya fi ɓoyuwa. An taɓa kawo mini wani inji daga wajen Logon Birni, mai shi ya canja roba ta bayan farfela har sau biyu a wani wuri, mai bai daina fari ba. Da na kwance notin sama na haska ramin da tocila, sai na ga kamar gindin ramin ya yi tudu. Na sa allura na tono, sai ga tsohuwar washa ta fito gutsi-gutsi, ta yi baƙi ta manne da alminiyam har ta zama kamar jikinsa. An yi ta ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ruwa yana bi ta tsakaninsu. Na kankare ramin, na sa guda ɗaya sabuwa, maganar ta ƙare. Don haka ka haska ramukan biyu, ka tabbatar babu saura, ka dubi bakin ramin ko sukundireba ya taɓa karce shi. Kada ka raina notin sama don yana sama, shi ma a ruwa yake wuni. Kuma wajen ɗauri, ɗaurin hannu mai kyau da babban sukundireba ya isa. Wanda ya sa guduma zai cinye zaren alminiyam ya buɗe wata sabuwar ƙofa.

Ta biyu, wadda a ruwanmu ta fi kowacce ɓarna bayan washa, ita ce robar da ke rungume da sandar farfela. Mu a nan juwan sipi muke ce mata, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce oyil sil. Roba ce mai leɓe, da ɗan siririn sifirin a ciki da ke matse leɓen a jikin sanda. Yawanci biyu ake sakawa a jere. Maƙiyinta zaren kalli ne da igiyar mamari na masu kamun kifi. Daga Bulangwa zuwa cikin tafki babu inda jirgi zai bi bai taka tsohon zare ba. Farfela tana yanke shi, ka ji inji ya ɗan yi nauyi ya saki, ka ce ka tsira. Guntun da ya rage kuwa ya shige bayan farfela yana naɗewa a sanda, juyi yana ƙara tura shi ciki har ya kai leɓen roba ya yanka.

Ka cire farfela ka gani da idonka. Da farko ka zare hular fulogi, ka mayar da giya furi, ka sa guntun katako tsakanin reshen farfela da faffaɗan ƙarfen da ke samanta don kada ta juya. Ka zare fil, ka kwance noti, ka jera kayan a ƙasa yadda suka fito, har da kakkaurar washar da ke can baya. A bayan wannan washar ɓarawon yake. Sau da yawa ba za ka gan shi a matsayin zare ba, don zafi ya narkar da shi ya zama wani zobe mai tauri, kore ko fari, ya zauna daram kamar daga kamfani aka sa shi. Na ga yaran gareji sun wanke shi sun mayar. Ka sa tsinin wuƙa a hankali ka ɗago shi, za ka ga silin zare a jikinsa. In ka same shi, ko ka ga man giya ya jiƙa wurin, robar ta tafi.

Tun da farfela tana waje, ka duba sandar kanta. Ka kafa wata waya a tsaye, bakinta ya kusa taɓa ƙarshen sanda, ka juya sandar da hannu. In tana matsowa tana ja da baya, ta lanƙwashe, galibi daga dukan kututture ko tudun yashi. Lanƙwasasshiyar sanda za ta cinye sabuwar roba cikin 'yan kwanaki. Ka kama ta ka girgiza sama da ƙasa, in tana wasa boris ne. Idan an cire robar, ka bi wurin zamanta da farce. Ruwan Logon da Shari a lokacin cika jajir yake da laka da yashi, kuma yashin yana taruwa a leɓen roba ya riƙa sassaƙa ƙarfe har ya yi masa zobe. In farcenka ya maƙale a wannan zoben, sabuwar roba ba za ta toshe ba, sai an ɗan gusa da mazauninta ta hau lafiyayyen wuri, ko a canja sandar.

Sauran ƙofofin ba a ganin su sai an sauke ƙafa. Akwai robobi a jikin doguwar sanda, daidai ƙarƙashin famfon ruwa, kuma su ma yashi ne ke kashe su, don duk ruwan da inji ke sha ta kansu yake wucewa. Wanda ke yawan tayar da inji a wuri marar zurfi, ƙafa tana tonon ƙasa, ya sa ido a nan. Akwai 'yar robar sandar canja giya. Akwai babban zoben roba da ke kewaye da gidan boris na bayan farfela. Sai tsagewar jikin ƙafar, wadda wani lokaci siririya ce kamar gashi, fenti ya rufe ta.

To ta yaya za a san wacce ce ba tare da an yi ta canje-canje ana zubar da kuɗi ba? Da iska. Wannan shi ne gwajin da ya kamata a ce ɗaya daga cikin makanikan nan ya yi maka, kuma kayansa ba su fi ƙarfin kowane gareji ba. Nawa da hannuna na haɗa: tsohon notin mai na huda ta tsakiya, mai walda ya liƙa mini bakin tiyub na babur a kai, sai famfon keke na hannu da agogon auna iska mai nuna ƙananan lambobi.

Ana tsiyaye mai duka, don mai yana toshe ƙaramar huda ya ɓoye ta. A ɗaura notin ƙasa da sabuwar washa, a ɗaura na gwaji a ramin sama, a fara shafa masa ruwan sabulu don a tabbatar ba shi ne ke zuba ba. Sannan a ba da iska kaɗan, kamar kwatan kilo a ma'aunin agogon. Dalilin farawa da kaɗan shi ne iska mai ƙarfi tana danne leɓen roba a jikin sanda, gajiyayyar roba ta toshe ta yi kamar lafiyayya, alhali a cikin ruwa ba ta samun wannan dannin. In allura ta tsaya, a ƙara zuwa rabin kilo ko ɗan sama. Kada a wuce kilo 1 ko da wasa, kuma kada a kusanci injin iskar mai faci, bugu ɗaya zai fitar da robobin daga mazauninsu. Ina roƙonka ka tsaya a wurin lokacin da ake yi, don wannan kuskuren na sha ganin sa.

A yi gwajin a inuwa. Ƙafar da ta sha rana, in ta fara hucewa allura za ta sauka ko babu huda. Ni nakan bar ta minti biyar zuwa goma, kuma ba na barin ta zaune. Ina juya sandar farfela, in ja ta in tura, in sa giya gaba in sa baya. Akwai robar da ke riƙe iska in sanda tana tsaye, da an juya ta saki. In allura ta sauka, sai neman wurin. Ruwan sabulu yana yi, amma na fi son in sauke ƙafar in cire famfon ruwa in tsoma ta cikin rabin duro. Sai a yi tsit a zuba ido. Da farko kumfar da ta maƙale a lunguna za ta tashi ta ƙare. Bayan nan, in akwai huda, za ka ga ƙananan ƙwayoyi suna fitowa a jere daga wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Ka bi jeren da yatsa zuwa tushensa. Gani ya kori ji, mai inji da kansa yake nuna mini ya ce ga shi nan. Abin lura ɗaya: a wasu injina famfon ruwa ne ke danne gidan robobin sama, in an cire shi sai a riƙe gidan da hannu ko a ɗaure, kada iska ta tunkuɗo shi. Wajen cire notin gwaji kuma a rufe da tsumma, sauran mai yana fesowa.

Akwai ƙafar da za ta riƙe iska lafiya lau amma ta ci gaba da shan ruwa, kuma wannan ita ke rikita makanikai. Roba tana iya hana fita ta kasa hana shiga. Ka tuna yadda abin ke faruwa a ruwa. Kana tafiya, mai ya yi zafi, iskar da ke ɗakin ta kumbura ta sami ɗan wuri ta fita. Ka tsaya, ruwa ya sanyaya ƙafa, ɗakin ya tsuke ya zuƙo abin da ke waje, kuma abin da ke waje ruwa ne. Haka ma injin da aka ɗaga ƙafarsa ta wuni a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, sannan a tsunduma ta a kogi. Saboda haka bayan turawa sai a gwada zuƙa. Wanda ba shi da famfon zuƙa, babban sirinji na allurar shanu da guntun tiyo sun isa. A haɗa da notin gwajin bayan an zare ƙwayar bakin tiyub ɗin, a ja sirinjin har ƙarshe, a riƙe minti biyu, a saki. In ya koma ciki da kansa kusan inda ya taso, ɗakin a toshe yake. In ya tsaya inda aka ja shi, iska ta shiga ta wani wuri. Don a gane wurin, a ɗiga mai a bakin kowace roba a sake ja, za a ga inda man ke shigewa.

Idan an gano, gyaran ba shi da tsawo, amma abu biyu nake so ka tsare. Kafin a cire tsofaffin robobi a ɗauki hotonsu da waya, domin a wasu injina suna juya wa juna baya, a wasu kuma duk gefe ɗaya suke kallo, kuma in an juya su aikin ya tashi a banza. Na biyu, a sayi na injin ruwa. Za a kawo maka ta mota mai girma ɗaya a ce ai duk ɗaya ne. Sifirin ɗin da ke cikin ta injin ruwa ba ya tsatsa, na mota kuwa baƙin ƙarfe ne, wata biyu a ruwa ya tsinke, leɓe ya saki. Araha ba ta ado. A shafa giris a leɓen kafin a zura sanda, a buga ta da bututu daidai faɗinta don ta zauna a miƙe. Tun da an buɗe gidan boris, a canja zobensa a lokaci ɗaya. In ta sama ce, a duba robar famfon ruwa tun da ga ta a hannu. Bayan an haɗa, a sake gwajin iska kafin a zuba mai.

Man da za ka zuba man giya ne mai lamba 90, ba baƙin man inji ba, ba kuma mai kauri irin 140 na manyan motoci ba. In ka sami wanda aka yi don injin ruwa ya fi, domin yana jure ɗan ruwa kafin ya lalace. Ta ramin ƙasa ake ɗurawa, inji a tsaye, ana matsawa a hankali har ya ɓullo ta ramin sama ba kumfa. Sai a fara ɗaure na sama, sannan a zare bakin gorar a yi maza a ɗaure na ƙasa. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tokare, ya ɗauka ya cika alhali rabi ne. Ƙa'idar canji kowane awa 100 na aiki ne, kuma mai jirgin dako irinka yana cinye wannan cikin 'yan makonni, ba watanni ba. Tsohon man ka tara a galan, kada ya koma kogin da muke ci muke sha daga cikinsa.

Na san za ka ce aiki ba ya jira. In dole ne ka yi lodi kafin ka sami zuwa inda za a yi gwajin, to ka yi abin da ke hannunka yau: ka cire farfela ka share zare, ka tono ramukan noti, ka sa sababbin washa biyu, ka wanke ka zuba sabon mai. Wannan in babu garai-garan ruwa kuma babu ɓarɓashin ƙarfe ke nan. In akwai ɗaya daga cikinsu, ina roƙonka don Allah kada ka ɗauki rayukan mutane ka shiga tsakiyar tafki da shi, giya ba ta sallama in za ta tafi.

Bayan kwana uku na aiki, ka bar shi ya kwana a tsaye, da safe ka sassauta notin ƙasa ka ɗiga biyu a kan farar takarda, ka ɗiga sabon mai a gefe ka gwama. Ka ajiye washa a aljihu don wannan dubawar. In launinsu ɗaya, ka sake dubawa bayan mako guda, in har yanzu ɗaya ne washar ce, ka huta. In ya fara dusashewa, ka sauke ƙafar kaɗai ka ɗora a mota zuwa Kusiri, ba sai ka wahala da ɗauko kan injin ba. Ka haɗo da farfelar da washarta ta baya, da gorar tsohon man, ina son in gan shi da idona.